Ƙarin mafitsara mai fitar da homon: me ya sa wani da kemo ake fara masa, wani kuma da tiyata?

Akwai wani ciwo da idan mai shi ya faɗi abin da yake ji, yawanci ba a ɗaukar maganarsa da muhimmanci. Zai ce maka duk sanda ya je fitsari, yana gamawa sai kansa ya sara kamar zai rabe, zuciya ta dinga bugawa da ƙarfi, gumi ya keto masa, wani ma jiri ne zai ɗebe shi ya faɗi a banɗakin, bayan minti kaɗan kuma komai ya lafa kamar ba a yi ba. Ya je asibiti a auna jininsa a ga lafiya lau, don a lokacin abin ya riga ya wuce, sai a ce damuwa ce ko fargaba, a ba shi maganin kwantar da hankali ya koma gida. Wasu shekaru suke yi a haka. Alhali wani ɗan ƙari ne a cikin bangon mafitsararsu, wanda duk lokacin da mafitsarar ta matse don ta fitar da fitsari shi ma sai ya matsu, ya watsa homon cikin jini, wato irin sinadaran nan da jiki yake sakewa cikin jini su sarrafa aikin gaɓoɓi.

To shi wannan ƙarin da ɗan'uwansa nake so mu duba yau, don gaskiya idan aka ce "ƙarin mafitsara mai fitar da homon" mutane suna ɗauka abu ɗaya ne, kuma ba haka ba ne. Manya guda biyu ne, duk ana lissafa su cikin dangin ƙarin da ƙwayoyinsu suke da halin na jijiya da na masu fitar da homon, amma halinsu ya bambanta sosai, kuma hanyar maganinsu kusan kishiyar juna ce. Na farko sunansa faragangiliyoma. Na biyu kansa ce da likitoci suke kira mai ƙananan ƙwayoyi. A na farkon tiyata ce maganin, kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, sai in abu ya yi nisa. A na biyun kuwa kemo ake farawa da shi, tiyata ta biyo baya. Wanda aka juya masa wannan jerin an cuce shi, ko da kuwa magungunan da aka ba shi masu kyau ne kuma likitan tiyatar ƙwararre ne.

Bari mu fara da faragangiliyoma ɗin. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal, ita ce take fitar da homon ɗin da yake sa zuciya ta buga da sauri idan mutum ya firgita, wato adirinalin da ɗan'uwansa noradirinalin. Irin ƙwayoyin da suke wannan aiki ba a nan kaɗai suke ba, akwai ragowarsu a warwatse a jikin jijiyoyin da ke gefen ƙashin baya har zuwa ƙasan mara, har cikin bangon mafitsara. In ƙari ya tsiro daga na saman ƙoda sai a kira shi fiyokuromosaitoma, in daga na waje ne sai a ce faragangiliyoma. Na mafitsara a shekarar 1953 aka fara rubuta bayaninsa, wani likita Zimmerman da abokan aikinsa. Kuma ba shi da yawa ko kaɗan, bai kai kashi 0.1 cikin ɗari na ƙarin da ake samu a mafitsara ba, shi ya sa likitan mafitsara zai iya gama aikinsa ya yi ritaya bai ga fiye da ɗaya ko biyu ba. Ya fi kama masu ƙarancin shekaru idan aka gwada da kansar mafitsara da aka saba, za ka ga ɗan shekara 30 ko 40, har yara ma ana samu.

Alamarsa ita ce waccan da na faɗa, sai kuma jini a fitsari da hawan jini da yake zuwa yana tafiya. Amma fa ba kowane ne yake nuna alama ba, wani shiru yake, sai an taɓa shi sannan ya nuna halinsa. Kuma nan ne haɗarin yake.

Abin da aka saba yi idan aka ga ƙari a mafitsara shi ne a zura kyamara ta hanyar fitsari a kankare shi da wata waya mai zafi, a aika lab. Ga yawancin ƙarin mafitsara wannan daidai ne. Amma in faragangiliyoma ne kuma ba a sani ba, da zarar an cika mafitsarar da ruwa an fara yanka, homon zai kwarara cikin jini lokaci ɗaya, awon jini na sama ya haura 200 cikin daƙiƙoƙi, bugun zuciya ya rikice, ana iya samun shanyewar ɓarin jiki ko ruwa ya taru a huhu, mutum yana kwance a kan gadon tiyata. Don haka likitan da ya leƙa ya ga ƙari a dunƙule, fatar samansa sumul, yana turowa daga ƙarƙashin bango maimakon ya yi reshe-reshe irin na kansar da aka saba, ga mara lafiya matashi mai hawan jini, abin da ya kamata ya yi shi ne ya janye kyamararsa ya tura a yi gwaji tukunna. Ni a ganina wannan janyewar ita ce babban aikin da likita zai yi a wannan ciwo gaba ɗaya.

Gwajin ba wani mai wahalar fahimta ba ne. Jiki yana narkar da waɗancan homon ɗin su koma wasu sinadarai da ake kira metanefirin da nometanefirin, kuma shi ƙarin kullum yana ɗigo da su ko da ba a cikin tashin ciwon ake ba, shi ya sa su ake nema ba adirinalin ɗin kansa ba. Ko dai a ɗebi jini bayan mutum ya kwanta rigingine na kamar minti 20 zuwa 30, ko a tara fitsarin awa 24. Na mafitsara yawanci nometanefirin ne yake tashi. Wasu magunguna, musamman na ciwon damuwa, suna iya sa gwajin ya nuna akwai alhali babu, don haka a faɗa wa likita duk abin da ake sha. Bayan nan sai hoto, CT ko MRI, sannan in akwai hali a yi hoton PET na dotatet wanda yake bin jiki gaba ɗaya yana nuna ko akwai wani ƙarin a wani waje.

In an tabbatar, ba a gaggawar shiga tiyata. Sai an shirya jikin na kwana 7 zuwa 14, haka ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta shimfiɗa a ƙa'idojinta na 2014. Ana ba da maganin da yake toshe ƙofar da homon ɗin yake bi ya tsuke jijiyoyin jini, irin su finoksibenzamin ko doksazosin, ana ƙara shi a hankali har awon jini ya sauko ƙasa da 130 bisa 80 a zaune. Sannan wani abu da yake ba marasa lafiya mamaki, za a ce su ƙara cin gishiri su sha ruwa da yawa, su da kullum ake hana su gishiri saboda hawan jini. Dalilin shi ne jijiyoyinsu sun daɗe a tsuke, ruwan jinin da ke yawo a cikinsu ya ragu, to ranar da aka cire ƙarin homon ya yanke, jijiyoyin za su saki gaba ɗaya, in babu isasshen ruwa a ciki jinin zai faɗi warwas. Akwai kuma ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita: maganin rage gudun zuciya irin su furofuranolol ko atenolol ba a fara ba da shi sai wancan na farkon ya kama jiki. In aka fara da shi, an rage wa zuciya ƙarfi alhali jijiyoyin suna nan a tsuke, jinin sai ya ƙara hawa. Wannan kuskuren yana da sauƙin faruwa, don mutum ya zo da bugun zuciya da hawan jini, hannun likita kai tsaye wajen wannan maganin yake zuwa. Hatta maganin amai metokulofiramid da ake bayarwa ba tare da wani dogon tunani ba yana iya tayar da ciwon.

Ita tiyatar, mafi yawanci ba a cire mafitsarar duka. Ana yanke ɓangaren bangon da ƙarin yake ciki gaba ɗaya kaurinsa, tare da ɗan lafiyayyen nama a kewaye, a ɗinke sauran, ko ta buɗe ciki ko ta ƙananan huji da kyamara ko da robot. Kankarewa ta hanyar fitsari kaɗai ba ta cika wadatarwa ba saboda saiwar abin a cikin tsokar bangon take, za a bar saura ya sake tsirowa. In ƙarin babba ne, ko ya zauna a wuyan mafitsara inda ba a iya yankewa a ɗinke, ko ya shiga kaluluwar ƙugu, to nan ne ake cire mafitsarar duka tare da kaluluwar. Likitan da yake sa barci a irin wannan aikin nauyinsa bai gaza na mai riƙe da wuƙar ba, shi ne yake bin awon jini bugu bayan bugu, da maganin saukarwa a hannu ɗaya da na ɗagawa a ɗaya.

To ina kemo ya shigo a nan? Gaskiya a baya yake. Faragangiliyoma ba ya girma da sauri, kemo kuma ƙwayoyin da suke rabuwa da sauri ya fi kashewa, don haka ba a ba da shi kafin tiyata a matsayin al'ada, kuma in an cire ƙarin tas ba a bin mutum da shi. Sai in ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu kuma ana ganin yana ci gaba. Haɗin da aka fi sani shi ne CVD, wato saikulofosfamid da binkiristin da dakabazin, duk bayan kwana 21. A 1988 masu bincike a cibiyar lafiya ta ƙasa ta Amurka suka fitar da sakamakonsa a kan marasa lafiya 14 kacal, kuma har yau shi ake amfani da shi. Da aka tattara binciken da aka yi daga baya, kamar mutum ɗaya cikin uku ne ƙarinsa yake raguwa sosai, wasu kuma homon ɗin ne yake sauka su samu sauƙin alamomi. Ba ya warkarwa, yana sayo lokaci ne da sauƙi, kuma ya kamata a faɗa wa mara lafiya haka ƙarara tun farko. A zagayen farko ma sai an yi hattara, don ƙwayoyin da suke mutuwa suna iya zubar da homon ɗinsu jini ya hau, shi ya sa ba a daina maganin toshewar nan. Akwai temozolomid na haɗiya, wanda ake ganin ya fi aiki ga masu matsalar ƙwayar gado ta SDHB. Akwai magungunan da ake ɗora wa sinadarin nukiliya su bi jini su manne a jikin ƙarin, irin su MIBG mai ayodin 131 da lutetiyom dotatet. A 2025 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya, belzutifan, ga waɗanda nasu ya bazu ko ba ya ciruwa.

Maganar gado kuwa ba ƙarama ba ce. Kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na masu wannan dangin ƙari gadonsa suka yi, ta ƙwayoyin halitta irin su SDHB da SDHD da VHL da RET da NF1, shi ya sa ake so duk wanda aka samu da shi a yi masa gwajin gado, in an samu a duba 'ya'yansa da 'yan'uwansa. SDHB ita ce aka fi tsoro don nata ya fi bazuwa. Kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina raba su zuwa mai illa da mara illa, ta ce kowanne yana iya bazuwa, don ba yadda za a yi a kalle shi a madubin lab a tabbatar ba zai dawo ba. Yana iya dawowa bayan shekara 10 ko 20. Saboda haka ana sake gwajin metanefirin makonni kaɗan bayan tiyata, sannan duk shekara, aƙalla shekara 10, masu gado da matasa kuwa har ƙarshen rayuwa.

Yanzu na biyun, kansar mafitsara mai ƙananan ƙwayoyi. Wannan wata duniya ce daban. A 1981 aka fara bayyana ta a mafitsara, ita ma ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na kansar mafitsara ba, ta fi kama maza masu shekaru 60 zuwa sama, kuma shan taba yana da hannu sosai a ciki. A madubi kamarta ɗaya da wadda ake samu a huhun masu shan taba, halinsu ma ɗaya, gudu. Yawanci da jini a fitsari take zuwa ba ciwo ba komai, kuma lokacin da za a gano ta galibi ta riga ta shiga tsokar mafitsara. Sau da yawa a gauraye take da kansar mafitsara ta yau da kullum, kuma ko ɗan kaɗan aka gani a cikin naman, ita ake bi wajen tsara magani don ita ce mai kisan.

Ba kowace ce take fitar da homon da zai dami jiki ba, kaɗan ne daga ciki, amma in ta fitar abin yana da nauyi. Wata tana fitar da homon ɗin ACTH, wanda yake tilasta wa adirinal ta dinga zubo wani homon mai suna kotisol ba ƙaƙƙautawa, sai ka ga suga ya hau, jini ya hau, fotasiyom ya faɗi, cinyoyi sun mutu mutum ba ya iya tashi daga kujera. Wata tana sa jiki ya riƙe ruwa har gishirin jini ya tsinke mutum ya rikice, wata kuma kalsiyom take ɗagawa. Mai kotisol da yawa garkuwar jikinsa a ƙasa take, in aka ɗora masa kemo a haka ƙwayoyin cuta za su iya kashe shi kafin kansar, don haka ana fara danne kotisol ɗin da magani kamar metirafon ko ketokonazol, a gyara fotasiyom, amma ba tare da an ɓata makonni ba.

Me ya sa ba a fara da tiyata? Saboda ko hoto ya nuna kansar tana cikin mafitsara kaɗai, akwai babban zaton ƙananan 'ya'yanta sun riga sun bi jini sun tafi, hoton ne bai kai ga ganinsu ba. Kamar gobara ce da tartsatsinta ya riga ya tashi, in ka tsaya rushe ɗakin da ta fara kamawa, kafin ka juyo sauran gidan ya kama. Cire mafitsara babbar tiyata ce, mutum yana ɗaukar makonni kafin ya farfaɗo, wasu ma ba sa samun ƙarfin karɓar kemo bayanta kwata-kwata, kuma a wannan tsakanin abin da ya tsere yana girma. Ita kuma wannan kansar, saboda saurin rabuwarta, tana jin kemo sosai. Haɗin da ake bayarwa daga maganin na huhu aka aro shi, sisfilatin da etofosid, duk bayan mako uku, galibi zagaye 4. Cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Amurka tana kuma musanya shi da wani haɗin na ifosfamid da doksorubisin. A 2013 suka duba bayanan marasa lafiyarsu, waɗanda aka fara musu da kemo sannan tiyata tsaka-tsakin lokacin da suka ƙara rayuwa ya haura shekara 13, waɗanda aka fara da tiyata kuwa kamar shekara ɗaya da rabi. Dole a faɗi gaskiya, wannan duba baya aka yi, ba irin gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba ne, kuma waɗanda suka iya jure kemo dama sun fi ƙarfin jiki, to wani ɓangare na tazarar daga nan yake. Amma tazarar ta yi girman da ba za a kawar da kai ba, kuma ƙa'idojin magani na yanzu a kan haka suka tsaya.

Sisfilatin yana da sharaɗi. Yana taɓa ƙoda, yana taɓa ji, yana sa yatsu su mutu ko su dinga tsikari, don haka sai an auna ƙoda, kuma in ƙarin ya toshe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda sai an fara buɗe hanyar. Wanda ƙodarsa ba za ta ɗauka ba ana ba shi kabofilatin, ya fi sauƙi duk da ana ganin bai kai shi ƙarfi ba. Zubewar gashi da amai da kasala duk suna nan, amma abin da nake so duk mai jinya ya riƙe shi ne zazzaɓi: mai karɓar kemo in zafin jikinsa ya kai digiri 38, musamman a mako na biyu bayan allura lokacin da fararen ƙwayoyin jini suke ƙasa, asibiti za a kai shi a daren, ba a jiran safiya kuma ba a rufe shi da farasitamol.

In an gama kemo, bayan 'yan makonni sai tiyata. A nan mafitsarar duka ake cirewa da kaluluwar ƙugu, namiji har da furostet, mace kuma sau da yawa har da mahaifa da wani sashe na gabanta, kodayake yanzu ana ƙoƙarin barin abin da za a iya bari. Sai a yi wa fitsari sabuwar hanya. Wadda aka fi yi ita ce a yanko ɗan guntun ƙaramin hanji a haɗa bututun ƙoda biyu a jikinsa a fito da bakinsa ta fatar ciki, fitsari ya dinga zuba a jaka, hanyar da likita Bricker ya yaɗa tun 1950. Ko kuma a ɗinka sabuwar mafitsara da hanji a haɗa ta da hanyar fitsari ta asali, wadda take buƙatar ƙoda mai kyau da mutum mai haƙurin koyon sabon salon fitsari. Mutane suna tsoron jakar nan sosai kuma na fahimce su, amma masu ita suna aiki suna tafiye-tafiye suna zaman aure, kuma ya kamata a zaunar da mutum a yi masa wannan bayanin da kyau kafin ranar tiyata, a nuna masa jakar ya taɓa ta, a sa alamar inda za ta zauna a cikinsa. Wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba ko ya ƙi a cire masa mafitsara, ana iya yi masa gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, tare da kemo, kuma wannan ma hanya ce da ake samun nasara da ita. In kuwa ta riga ta bazu, tiyatar ba ta da amfani, kemo ne, wani lokaci a haɗa da magungunan tayar da garkuwar jiki irin su atezolizumab waɗanda aka ga amfaninsu a na huhu. Tana kuma iya zuwa ƙwaƙwalwa, duk da ba kamar ta huhu ba, shi ya sa ake ɗaukar hoton kai.

Duk wannan rabe-raben a hannun mutum ɗaya yake farawa, likitan lab da yake duba naman. Kuma yana iya ruɗuwa, don faragangiliyoma da wayar zafi ta ƙona gefensa yana iya kama da kansar da ta ci tsoka, har wani gwajin rini da ake kira GATA3 yana fitowa a duka biyun, sai a rubuta kansa ce, a shirya wa matashi kemo da cire mafitsarar da ba ya buƙata. Rinin kuromogiranin da sinaftofaisin suna nuna dangin ne kawai, duka biyun da muka yi magana a kai suna kama su. Abin da yake rabawa shi ne rinin keratin, wanda kansar take kamawa shi kuma faragangiliyoma ba ya kamawa, sai Ki-67 da yake nuna saurin rabuwa, a mai ƙananan ƙwayoyi yana sama sosai, a faragangiliyoma yawanci ƙasa yake. Saboda haka duk wanda aka ba shi sakamako mai ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen nan, yana da haƙƙin ya nemi a aika gilasan naman wani likitan lab ya sake dubawa, kuma ya nemi likitan mafitsara da na kansa da na homon su zauna tare a kan fayil ɗinsa kafin a sa ranar tiyata ko a ɗaura ruwan kemo na farko.